Kafin ku yi odar kaya daga waje, ku sa kwastan a lissafi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mai shirin sayen kaya daga ƙasar waje ta intanet, don Allah ya sani kuɗin da ya biya a shafin ba lallai ne shi ke nan ba. Kaya na sauka, kwastan na iya ɗora haraji, kuma a ƙasashe da yawa ba farashin kayan kaɗai ake dubawa ba, har da kuɗin jigila da na inshora. Wani lokacin kamfanin da ya kawo kayan ma sai ya ƙara nasa ladan fitar da kayan daga kwastan.

Abu na farko, ku tambayi mai sayarwa: DDP ne ko DAP? In DDP ne, harajin na wuyansa. In DAP ne, ku ne za ku biya kafin a miƙa muku kwalin.

Sannan ku adana rasit da shaidar biya. Ni kaina kwalina ya taɓa kwana da kwanaki a tsare saboda mai sayarwa ya rubuta kuɗi ƙasa da na gaskiya a takardar da ke manne a jiki, wai don ya sauƙaƙa min. Sai da na tura hoton rasit aka sake shi. Kar ku yarda a rage farashi ko a rubuta "kyauta", ana iya cin tara ko a ƙwace kayan.

Kuma in saƙo ya shigo wayarku wai ku latsa nan ku biya kwastan, ku dakata. Ku shiga shafin kamfanin jigilar da kanku, ku duba da lambar bin sawun kayan.