Yadda mai keke zai nemi diyya a Kumasi idan mota ta buge shi

A unguwanninmu na Aboabo, Asawase da Sabon Zango, idan mota ta buge mai keke, abin da aka saba shi ne jama'a su taru, direba ya ba da haƙuri, ya kai wanda ya ji rauni asibiti, ya biya kuɗin ranar farko, a ce ƙaddara ce. Bayan wata uku kuwa, lokacin da ƙafa ta ƙi miƙewa kuma sana'a ta tsaya, babu wanda ke sake ganin direban. Alhali tun shekarar 1958 dokar Ghana ta wajabta wa duk mai abin hawa mai inji ya yi inshorar da za ta biya wanda ya ji wa ciwo a hanya, kuma mai keke yana cikin waɗanda aka yi dokar dominsu. Sai dai kamfanin inshora da takarda yake aiki, kuma yawancin takardun a kwanakin farko ake samunsu.

A wurin da abin ya faru, bayan an kira lambar gaggawa ta 112 idan raunin mai tsanani ne, a sami wanda zai rubuta lambar motar, ya ɗauki hotonta da na keken kafin a kawar da su, da hoton takardar inshorar da ke manne a gilashin gaba. Ana iya tabbatar da ingancin inshorar nan take ta hanyar danna *920*57# a waya, a shigar da lambar motar, domin tun 2020 hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NIC, take tattara bayanan inshorar motoci a rumbu ɗaya. A kuma karɓi lambar wayar mutum biyu da suka gani da idonsu, musamman masu shago ko teburin da ke bakin titin, saboda su ba sa barin wurin.

Daga nan sai a kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, inda sashen kula da zirga-zirga, MTTD, zai karɓi maganar. Su ne za su ba da fom ɗin likita, su je su auna wurin su zana shi, a kuma sa jami'in hukumar lasisin direbobi da motoci, DVLA, ya duba motar. Rahoton haɗarin da za su fitar daga baya shi ne takarda ta farko da kamfanin inshora zai tambaya, don haka a riƙe sunan jami'in da ke binciken, a riƙa bibiya.

Maganar asibiti ce ta fi damuna. Mutanenmu da yawa, da zarar an ce karaya ce, sai 'yan'uwa su sa hannu su fitar da mara lafiya daga asibitin Komfo Anokye su kai shi wurin maɗori, don gudun tsada ko tsoron a yanke ƙafa. Ko da iyali sun ƙudurta haka, kada a fita sai an ɗauki hoton ƙashi, likita ya cika fom ɗin 'yan sanda, an kuma riƙe lambar katin asibiti. Maɗori ba ya ba da rahoton da kamfani ko kotu za su karɓa, kuma yawan diyya ya dogara ne ƙwarai a kan abin da likita ya rubuta game da girman nakasar da ta rage. Duk rasit, na magani, na sandar dogarawa, na hoton ƙashi, a tara su a leda ɗaya. Mai gyaran takalmi ko ɗan tireda da ba shi da takardar albashi ya riƙa rubuta ranakun da bai fita aiki ba da abin da ya saba samu, domin asarar abin shiga tana cikin abin da ake nema, tare da kuɗin jinya da raɗaɗin da aka sha.

Idan dattawa suka shigo don sulhu, a girmama su, kuma ba laifi a karɓi taimakon jinya daga direba. Abin da za a kiyaye shi ne sa hannu ko dangwala yatsa a kan wata takarda da ke cewa magana ta ƙare. Haka ma takardar sallama da kamfanin inshora ke bayarwa lokacin biya: wanda ya sa mata hannu ya rufe ƙofa, don haka kada a yi kafin likita ya ba da rahotonsa na ƙarshe. Neman diyya bai saɓa wa tawakkali ba, domin addininmu da kansa ya tanadi diyyar rauni, kuma a nan kuɗin daga aljihun kamfani za su fito. Gurfanar da direba a kotu kan tuƙin ganganci wata shari'a ce dabam, tarar da za a ci shi ta gwamnati ce.

Mai keken da ke da nasa laifin, misali yana tafe a hannun da ba nasa ba ko da dare babu fitila, bai rasa haƙƙinsa gaba ɗaya ba. A ƙarƙashin dokar 1963 da ta shafi alhakin ɓarna, kotu tana rage diyyar ne gwargwadon rabonsa na laifi. Idan kuma direban ya tsere, ko aboboya ce (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) marar inshora, NIC tana da asusun tallafa wa irin waɗannan mutane, kuma can ɗin ma rahoton 'yan sanda da na likita za a nema. Hukumar tana da ofis a Kumasi, inda ake kai ƙorafi idan kamfani yana jan ƙafa.

Dokar ƙayyade wa'adi ta 1972 ta ba da shekara 3 don shigar da ƙarar rauni, kuma musayar wasiƙu da kamfani ba ta tsayar da wannan lissafi. Wanda ya ga shekara ta zagayo ba a biya ba ya nemi lauya, su daidaita kan ladansa a rubuce tun farko. Wanda ba shi da hali ya je ofishin hukumar ba da agajin shari'a da ke Kumasi da takardunsa duka, ya ba da kwafi, ya riƙe na asali.