Yadda Ake Canza Salansar Jaguar F-Type Mai Buɗaɗɗen Rufi

Motar da ake naɗe rufinta ta sha bamban da sauran motoci wajen ƙarar salansa, domin babu abin da ya raba kunnen direba da bakin bututun hayaƙi sai ɗan tazara da ƙyallen rufi. Jaguar F-Type, wadda ta shigo kasuwa a 2013 aka kuma daina ƙera ta a 2024, ta isa misali. Mai injin V6 na lita 3.0 tana da bakin bututu biyu a tsakiyar bayanta, mai V8 na lita 5.0 kuma tana da huɗu, biyu a kowane gefe, saboda haka kayan ɗaya ba ya shiga ɗaya.

Kafin mai mota ya sayi komai, ya kamata ya yi kwanaki yana sauraron motarsa yadda take. Yawancin waɗannan motoci suna da bawul a salansar baya, wanda idan ya rufe sai hayaƙi ya bi ta cikin tukunyar da ke kashe ƙara, idan kuma ya buɗe sai ya fita kusan kai tsaye. Wannan bawul shi ne abu mafi daraja a tsarin gaba ɗaya, kuma a ganina duk salansar da za ta raba mota da shi ba ta cancanci kuɗin da za a kashe mata ba, komai daɗin ƙararta. Da shi ne mutum zai fita daga unguwa da asuba bai tashi maƙwabta ba.

Gyaran da ya fi dacewa shi ne wanda ya fara daga bayan katalis, wato na'urar da ke rage gubar hayaƙi, zuwa ƙarshen mota. Katalis ɗin, wanda makanikai a Najeriya ke yi wa laƙabi da indomi saboda kamannin cikinsa, a bar shi a wurinsa. Akwai sensa a gabansa da bayansa, kuma da zarar an cire shi kwamfutar mota za ta lura, ta kunna fitilar gargaɗin inji, ga warin hayaƙi da zai riƙa dawowa kan mutanen da ke zaune a mota marar rufi. A Birtaniya motar da aka cire wa shi ba ta tsallake gwajin shekara-shekara, a Amurka dokar tarayya ta haramta taɓa shi, jihar Kaliforniya kuma ta ƙayyade ƙarar salansar ƙananan motoci a kan desibel 95, a ma'aunin ƙarfin sauti. Motocin da aka sayar a Turai daga wajen 2018 da yawansu suna ɗauke da ƙarin matatar toka a hanyar hayaƙi, don haka dole a ba mai sayar da kaya shekarar mota da lambar jikinta.

Ƙarfen da ba ya tsatsa, samfurin 304, ya wadatar. Ƙarfen titaniyam ya fi sauƙin nauyi, kuma Jaguar da kanta ta yi amfani da shi a salansar F-Type samfurin SVR ta rage kilo 16, amma yana da tsada, kuma ba kowane mai walda ke iya ɗinke shi ba idan ya tsage. Kada a sa ran ƙarin ƙarfin inji mai yawa daga wannan aiki, sauti ake saye.

Ranar aiki a bar mota ta huce sarai, sannan a ɗaga ta da na'urar ɗaga mota a wuraren da kamfani ya tanada, domin jikinta na alminiyam ne, kuma jak ɗin da aka sa a inda bai dace ba yana lotsa shi. A fesa wa notuna man sassauta tsatsa, a ba su lokaci. A fara cire abin da ke sarrafa bawul a hankali, a yi masa alama don kada a rikita dama da hagu. Robobin da salansa ke rataye a kansu suna zamewa cikin sauƙi idan aka shafa musu ruwan sabulu. Aikin mutum biyu ne, ɗaya yana tallafe da tukunya, ɗaya yana kwancewa.

Wajen ɗaurawa ne ake gane gwani. Ana jera sabbin bututun daga gaba zuwa baya da sabon gasket, wato abin da ke toshe mahaɗar bututu, ba tare da an ɗaure ko noti ɗaya tamau ba. Sai mutum ya koma bayan mota ya tsuguna, ya dubi bakin bututun da idonsa, ya tabbatar tsayinsu ɗaya, kuma akwai tazarar da yatsa zai shiga tsakaninsu da bamba, saboda ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗau zafi, kuma yana iya narkar da roba. A duba kada bututu ya taɓa ƙarafan da ke ƙarfafa ƙasan mota. Bayan haka ne za a ɗaure notuna. Kafin a tayar da inji a goge bututun tas, domin maiƙon yatsa yana ƙonewa ya bar tabon da ba ya fita.

Idan inji ya tashi, a bi mahaɗan da kunne, a saurari ko iska na tsartuwa. Gwaji na gaskiya kuwa a babban titi yake, da rufi a rufe, ana tafiya a giyar sama, inji yana juyi kusan 2,000 a minti ɗaya. A nan ne salansar da ba a tsara ta da kyau ba take fitar da wani gunji mai nauyi da ke cika cikin mota, ya sa ciwon kai cikin rabin sa'a, alhali da rufi a buɗe iska tana ɓoye shi. Idan gunjin ya bayyana da bawul a rufe, mayar da ƙaramar tukunyar rage ƙara ta tsakiyar bututu, idan an cire ta, na iya rage shi. Bayan 'yan tafiye-tafiye a sake ɗaure notuna, a kuma adana tsohuwar salansar a wuri busasshe, domin mai saye nan gaba zai tambaye ta.