Yadda zaka gane matiriks ka kuma iya lissafinsa kafin JAMB ta zo

Yaran da ke shirin JAMB da masu WAEC na Foda Mas, da ma 'yan aji ɗaya a BUK, kusan kullum sai kaji wani yana cewa shi matiriks ne ya hana shi barci, alhali abin in aka zauna dashi tsaf ba wani dodo bane, teburin lambobi ne kawai da aka jera a layi aka sa masa baka ta hagu da dama. Matsalar ita ce malamai da yawa suna fara wa yara da A da B da x da y, babu buhu babu kuɗi, shi yasa yaro yake haddacewa ya manta bayan sati.

To mu bari mu shiga kasuwar Singa. Mu ce akwai shaguna biyu, na farko ya sayar da buhun shinkafa 3 da katan ɗin taliya 5, na biyu ya sayar da buhu 2 da katan 4. Ka rubuta haka:

3 5
2 4

Shikenan ka yi matiriks. Layin kwance kowanne shago ne, layin tsaye kowanne kaya ne. Girmansa ana faɗinsa da layukan kwance tukunna sannan na tsaye, wannan 2 sau 2 ne. In da shaguna uku ne kaya biyu sai ace 3 sau 2, kar ka juya su dan Allah, nan ne mutane da yawa ke fara ɓata.

Haɗawa da ɗebewa ba sai mun daɗe ba, lamba da takwararta a gurbi ɗaya, amma sai girman su biyun ya zo daidai, in bai zo ba babu amsa kwata-kwata.

Ninkawa ita ce mai aiki, kuma ita ce ake yawan tambaya. Mu ce buhun shinkafa dubu 60 ne, katan ɗin taliya dubu 15, farashi ne na misali kawai kar wani ya tafi Singa yace ni na faɗa. Ka jera su a tsaye, 60 a sama 15 a ƙasa. Yanzu ka ɗauki layin kwance na farko ka bi dashi kan layin tsayen nan, na farko da na farko, na biyu da na biyu, sai ka tara: 3 sau 60 ya baka 180, 5 sau 15 ya baka 75, jimla 255. Layi na biyu 2 sau 60 shine 120, 4 sau 15 shine 60, jimla 180. Kaga abin da yaron shago yake yi a ƙwaƙwalwarsa kullum da yamma kenan, shago na farko ya yi cinikin dubu 255 na biyu dubu 180, kwance sau tsaye, ka riƙe wannan kawai.

Daga nan kuma zaka fahimci dalilin dokar nan da ake sa ku haddacewa, wai sai adadin layukan tsaye na matiriks ɗin farko ya yi daidai da adadin layukan kwance na biyun. Ai dole, in kana da kaya iri biyu farashi biyu kake buƙata, in aka baka farashi uku na ukun wa zaka ɗora wa.

Sai wani abu da yake kayar da yara masu ƙoƙari ma, a lissafin da muka saba 4 sau 7 da 7 sau 4 duk ɗaya ne, a matiriks ba haka bane. Gwada da kanka, A layinsa na sama 1 da 2, na ƙasa 0 da 1. B na sama 1 da 0, na ƙasa 3 da 1. In ka yi A sau B zaka samu 7 da 2 a sama, 3 da 1 a ƙasa. In ka juya ka yi B sau A sai ka samu 1 da 2 a sama, 3 da 7 a ƙasa. Ba iri ɗaya bane, don haka in tambaya tace BA kar ka yi AB kace ai duk ɗaya ne, su masu saita tambayoyin sun san wannan tarkon kuma sukan sa amsar kuskuren a cikin zaɓi.

Yanzu mu juya cinikin. Ace an faɗa maka abin da kowane shago ya sayar da kuɗin da ya samu, 255 da 180, amma ba a faɗi farashin buhu da katan ba. Nan ditaminan ke shigowa, wato wata lamba guda ɗaya da ake fitarwa daga cikin matiriks ɗin. Ga 2 sau 2 abu ne mai sauƙi, ka ninka lambar sama ta hagu da ta ƙasa ta dama, ka ɗebe ninkin sauran biyun: 3 sau 4 shine 12, 5 sau 2 shine 10, saura 2. Sai ka gina juyayyen matiriks ɗin, wato wanda ke warware ninkawar ya maida kai baya, 3 da 4 su yi musayar gurbi, 5 da 2 su zauna inda suke amma a sa musu mainos, wato sama 4 da -5, ƙasa -2 da 3, komai kuma za a raba shi da ditaminan ɗin. Ninka shi da 255 da 180 kamar yadda muka yi ɗazu: 4 sau 255 shine 1020, ɗebe 900, saura 120, raba biyu 60. Ƙasa kuma 540 ɗebe 510 saura 30, raba biyu 15. Farashinmu ya dawo cif.

In ditaminan ya fito sifili to ka tsaya, babu juyayye. Misali da ace shago na biyu buhu 6 da katan 10 ya sayar, 3 sau 10 ɗebe 5 sau 6 sifili ne, saboda ninkin na farko kawai ya yi, bai ƙara maka wani sabon bayani ba, ba yadda zaka ware kuɗin shinkafa daga na taliya. Ni a ganina wannan shine wajen da ya fi dacewa malami ya ɓata lokaci a kai, amma galibi layi ɗaya ake rubutawa a allo a wuce.

Kalkuleta irin Casio fx-991 tana yin duk wannan, ka yi amfani da ita wajen duba amsarka a gida, amma ka saba da hannu don JAMB ba a shiga da kalkuletar gida. Masu kwamfuta kuma a Excel akwai MMULT na ninkawa da MINVERSE na juyawa.

Sai dai fa in ka shiga jami'a zaka riƙa cin karo da kalmar a wuraren da babu lamba ko ɗaya, kar ka rikice. Asalinta Latin ce, daga kalmar uwa take, ana nufin mahaifa, wato abin da wani abu ke zaune a cikinsa ko yake fitowa daga gare shi. James Joseph Sylvester ɗan Ingila ne ya shigo da ita lissafi a 1850, abokinsa Arthur Cayley ya tsara dokokinta a 1858, duk da cewa mutanen Sin sun riga sun iya jera lambobi haka suna warware lissafi tun kusan shekara dubu biyu da suka wuce.

Dabarar ganewa ita ce ka tambayi kanka, ana maganar layuka ne ko ana maganar abin da ya kewaye wani abu. In ɗan bayoloji ko mai karatun likita a Asibitin Malam Aminu Kano ya faɗe ta, to na biyun ne. Matiriks ɗin maitokondiriya, wato ɓangaren ƙwayar halitta mai samar da kuzari, shine ruwa-ruwan da ke can ciki inda zagayen Krebs na fitar da kuzari daga abinci ke faruwa, akwai wanda ke tsakanin ƙwayoyin halitta mai cike da kolajin wanda shi ke riƙe fata da ƙashi, har farce ma yana da nasa, wajen da ke gindinsa ƙarƙashin fata inda yake tsirowa, shi yasa in ƙofa ta datse wajen da ƙarfi farcen kan fito a karkace. Injiniyan gini kuma in yace matiriks siminti yake nufi wanda ya riƙe tsakuwa a cikin kankare, masu ilimin duwatsu ma abin da ya kewaye manyan tsakuwa a cikin dutse suke nufi.

In kuwa ɗan kwamfuta ne ko masu gyaran waya na Farm Centre to layuka ne. Hoton da ke wayarka ɗigo-ɗigo ne a jere kwance da tsaye, kowane ɗigo yana da lambar ja da kore da shuɗi daga 0 zuwa 255, in ka ƙara wa hoto haske ko ka juya shi lissafin matiriks wayar ta yi. Firintar nan mai ƙara da ake buga rasit da ita a bankuna da, allurai ne ke buga ɗigo a jere shi yasa ake ce mata dot matiriks. Alamar QR da kake sikanin ma haka, kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro ta a 1994 don bin diddigin kayan gyaran mota. Su ChatGPT ɗin nan kuwa yawancin aikin da suke yi a ciki ninka manya-manyan matiriks ne, kwance sau tsaye ɗin dai da muka yi da shinkafa, sai dai layukan dubbai ne.

Mai son ya zauna masa ya ɗauki littafin cinikin shagon gidansu in akwai, kaya biyu kwana biyu, ya ɓoye farashin ya nemo shi da ditaminan, in ya fito daidai sai ya ƙara kaya na uku da kwana na uku ya shiga 3 sau 3.