Yadda Ake Haɗa Inkoda da Injin da ke Kai-Komo

A masana'antun Sharaɗa da Bompai da ke Kano akwai injuna da yawa da aikinsu kai-komo ne, kamar injin matse ƙarfe da na zuba roba, kuma inkodar da ke sanar da kwamfuta inda sandar injin ta kai juyawa take yi, don haka dole a samar mata hanyar mayar da tafiyar sanda zuwa juyi.

Da farko a auna tsawon tafiyar sandar, sannan a ƙara 'yar rata a kowane ƙarshe, domin ranar da injin ya zarce iyakarsa kada ya fizge na'urar.

Daga nan a zaɓi abin da zai ja inkodar. Ni na fi amincewa da bel mai haƙora fiye da giya da sanda mai haƙora, saboda giya tana da lako-lako tsakanin haƙoranta, kuma duk lokacin da injin ya juya baya sai sandar ta ɗan motsa kafin inkoda ta sani. Wannan kuskure ba ya fitowa a injin da ke tafiya gefe guda, amma a nan yana maimaituwa sau biyu a kowane zagaye. Idan giyar ta zama dole, a sa sifirin da zai riƙa danna haƙoran gefe ɗaya.

Lissafin ba shi da wuya. Bel mai tazarar milimita 2 tsakanin haƙoransa a kan fuli (ƙaramar tayar da bel ke juyawa) mai haƙora 20 yana tafiyar milimita 40 a juyi ɗaya, kuma inkoda mai aika bugu (sigina) 1,000 a juyi ɗaya za ta ba da milimita 0.04 a kowane bugu.

Kada a ɗora fulin kai tsaye a kan shaf ɗin inkoda, domin boris ɗinta ƙanana ne, ba za su jure jan bel da fizgar da ake samu a ƙarshen kowace tafiya ba. A ba fulin shaf da boris nasa, a haɗa shaf ɗinsa da na inkoda da mahaɗi mai lanƙwasa, kuma bel ya kwanta daidai da layin sandar. A yi masa murfi, ƙurar hunturun Kano ba ta barin haƙora lafiya.

Kafin a saki injin, a yi alama a wuri guda, a isa gare ta daga gaba da kuma daga baya sau 20. Idan karatun biyu ya bambanta, a koma kan ɗaurin bel da notunan mariƙin inkoda.