Yadda ake rabon kwanan yara bayan rabuwar aure a Ingila

Da aurena ya mutu a Manchesta, na ɗauka abin zai tafi kamar yadda muka sani a gida: yara suna hannun uwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare, uba yana ciyarwa yana zuwa dubiya. Ashe nan ba haka ba ne. Dokar yara ta 1989 ba ta fifita uwa ko uba ba, maslahar yaro kawai take dubawa, kuma abin da ake zama a kasafta shi ne kwana.

Saboda haka, 'yar'uwa, kafin ki zauna da baban yara, nemi kalandar bango da biro kala biyu. Dare za ki ƙirga, ba yini ba. Yaro ya wuni wurin babansa ranar Asabar, aka dawo miki da shi bayan isha'i, wannan bai shiga lissafi ba. Hukumar CMS, mai yanke kuɗin ciyarwa, da dare take aiki. Idan yara na kwana 52 zuwa 103 a shekara wurin uba, za a rage masa kashi ɗaya cikin bakwai. Daga 104 zuwa 155, kashi biyu. Daga 156 zuwa 174, kashi uku. Ya kai 175, rabi ya tafi har da ɗan ƙari. To ki duba: daren Juma'a da na Asabar duk bayan mako biyu, kwana 52 ke nan cif. Ya ɗora daren Laraba kowane mako, an kai 104. Ban ce duk uban da ya nemi Laraba kuɗi yake gudu ba, nawa dai da gaske yake son kai su makaranta da safe. Amma ki san lissafin kafin ki ce to.

Mu da biyu-biyu-uku muka fara: kwana biyu wurina, biyu wurinsa, uku wurina, mako mai zuwa a juya. A takarda ba a cuci kowa ba, bakwai-bakwai ne, kuma ƙaramin yaro ba ya wuce kwana uku bai ga ɗayanku ba. Sai dai sau shida ake sauya gida cikin mako biyu. Auta kullum jaka a baya kamar 'yar ci-rani, takalmin wasanni kuwa ko yaushe yana gidan da ba ta kwana ba. Daga baya muka tsayar da shi: Litinin da Talata nawa ne har kullum, Laraba da Alhamis nasa, ƙarshen mako ana karɓa-karɓa. Yanzu ita da kanta ta san inda za ta kwana. Mako guda-guda a bari sai sun shiga sakandare.

Miƙa yara a yi shi a makaranta. Ke ki kai da safe, shi ya ɗauko da yamma, babu tsayuwar ƙofar gida balle cacar baki a gabansu. Buroshi, kayan barci da unifom a saya biyu-biyu.

Sallah ce ta ƙona ni. Shekarar farko ba mu rubuta komai a kanta ba, sai ta faɗo ranar Laraba. Na yi musu ɗinki, na soya kaji, na wuni ni kaɗai da tukunya. Mai sasanci, wato wanda ke zama tsakanin iyaye don su daidaita ba tare da kotu ba, ya san Kirsimeti, ba lallai ya san sallah tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara ba, kuma sai an ga wata. Kada ki rubuta kwanan wata. Ki rubuta daren jajibere da daren sallah, ƙaramar sallah wurin ɗaya, babbar sallah wurin ɗayan, baɗi a musanya, kuma wannan ya soke jadawalin yau da kullum.

Haka zuwa gida a dogon hutu. In umarnin kotu ya ce wurinki suke zaune, kina iya fita da su daga ƙasar har kwana 28 ba sai da izininsa ba. In babu wannan, karɓi yardarsa a rubuce, ku kuma rubuta wa ke ajiye fasfo.

Idan magana ta ƙi, ba a zarcewa kotu kai tsaye. Sai an fara ganin mai sasanci kafin a cike fom C100 na neman umarnin kotu kan yara, sai fa in akwai duka ko cin zarafi, kuma gwamnati na taimakawa da kuɗin sasancin har fam 500. Ranar da ma'aikacin Cafcass, hukumar da ke ba kotu shawara kan maslahar yara, zai kira ki a waya kafin zaman farko, kalandar nan ta kasance a gabanki.