Daren farko a Orlando: kurakuran da ake yi idan jirgi ya sauka da tsakar dare

Wanda ya taɓa tsayawa a wurin ɗaukar kaya na filin jirgin Orlando, a jihar Fulorida ta Amurka, da ƙarfe sha biyu da rabi na dare ya san irin fuskokin da nake nufi. Uwa ta saɓa ƙaramin a kafaɗa, ya yi barci har yawu ya jiƙa mata mayafi. Babban yana zaune a kan akwati yana gyangyaɗi. Uba na ta latsa waya yana neman motar da za ta kai su masauki. Wata shida suka yi suna shirin wannan tafiya, sun sayi tikitin wuraren wasan Disney World, sun haddace sunan kowane lilo, har rigunan da yara za su sa kowace rana an ware. Abu ɗaya ne ba a zauna an yi shawara a kansa ba: inda za a kwana a daren sauka. Na sha tarbar 'yan'uwa da abokan arziki a wannan fili, ni ma na yi nawa kuskuren, kuma na lura kusan ramuka iri ɗaya kowa ke faɗawa.

Uwar kurakuran ita ce yin lissafi da lokacin da aka rubuta a tikiti. Idan an rubuta sha ɗaya na dare, wannan lokacin da tayar jirgi za ta taɓa ƙasa ne, ba lokacin da kanka zai taɓa matashi ba. Za ku jira a buɗe ƙofa, ku yi tafiya mai nisa a cikin filin, ku jira kaya. In kai tsaye kuka shigo daga wata ƙasa, kamar Ingila ko Dubai, ga layin jami'an shige da fice da na kwastan. Daga nan sai neman mota, sai tafiyar kilomita talatin ko kusa da haka zuwa Disney World, wajen rabin awa idan hanya ta yi kyau, sai tsayuwa a gaban mai ba da makulli. Ni awa biyu nake ƙarawa a kan lokacin tikiti, uku idan akwai layin shige da fice, kuma da wannan lokacin nake yanke shawara.

Ko wannan lissafin ma, sai in jirgi ya zo a kan kari. Daga Yuni zuwa Satumba, wato daidai lokacin da yawancinmu ke da hutun makaranta, kusan kullum da yamma sai hadari ya haɗo a Fulorida, da tsawa da walƙiya. Da zarar walƙiya ta matso kusa da filin, ana janye ma'aikatan da ke sauke kaya har sai ta lafa, sai ka ga jirgi ya sauka amma akwati shiru. Wanda kuma ya biyo ta Atlanta ko New York, a can zai bi layin shige da fice, ya ɗauki kayansa ya sake miƙawa, kuma in layin ya ja, jirgin Orlando ya tafi ya bar shi, sai na gaba.

Akwai kuma agogon jiki. Fulorida na bayan Najeriya da Nijar da awa biyar a watannin zafinsu, awa shida a lokacin sanyi. Ɗaya da rabi na dare a Orlando, shida da rabi ne na safe a Kano ko Zinder. Ma'ana, lokacin da kake kwantar da yara shi ne lokacin da jikinsu ya saba tashi shirin makaranta. Gajiya za ta kayar da su, amma barcin ba zai yi nisa ba. Duk minti ashirin da ka rage tsakanin jirgi da gado, riba ce ta gaske.

Kuskure na biyu ƙarami ne a ido, amma ya fi kowanne ɗaci. Jirginka zai sauka sha biyu da rabi na daren da za a wayi gari 15 ga wata, sai ka kama ɗaki daga ranar 15. A wurin otal, daren 15 yana farawa ne da yammacin ranar, wajen ƙarfe uku ko huɗu. Kai daren 14 kake bukata. In ka iso da kwanan wata na 15, mai karɓar baƙi zai duba kwamfuta ya ce ɗakinka sai nan da awa goma sha huɗu. Ka kama daren 14, sannan ka kira otal ɗin ko ka aika musu saƙo cewa bayan tsakar dare za ka iso. Wannan kiran ba na ladabi ba ne kawai. Otal da yawa, in dare ya raba ba su ga mutum ba, suna rubuta shi a wanda bai zo ba, su cire kuɗin daren, wani lokaci su soke sauran kwanakin gaba ɗaya.

Yanzu ga tambayar da aka fi gardama a kanta: a wuce kai tsaye otal ɗin wurin wasan, ko a kwana kusa da filin jirgi a ƙarasa da safe?

Mutane da yawa suna wucewa kai tsaye saboda suna ganin tun da an zo Disney, a fara kwana a Disney. In ɗakin da ka kama na masu tsada ne, irin waɗanda dare ɗaya ke cin ɗaruruwan daloli, ka tsaya ka dubi abin da za ka saya da kuɗin daren farko. Wurin ninkaya a rufe, wuraren cin abinci a rufe, motocin kai mutane wuraren wasa sun tashi daga aiki, tagar da ka biya don kallon tafki ba abin da take nuna maka sai duhu. Gado ka saya na awa biyar ko shida, kuma gado akwai shi da rabin kuɗin ko ƙasa da haka minti goma daga filin jirgi. Ra'ayina a nan ba ya rawa: in za ku sauka bayan goma na dare, da yara ƙanana, kuma otal ɗinku mai tsada ne, ku kwana kusa da filin jirgi.

Abin da ke sa mutane tsoron wannan shawara shi ne zaton cewa in ba su kwana a otal ɗin ba, sun rasa alfarmar da ake yi wa baƙinsa washegari. Ba haka ba ne. A Disney ɗaki yakan fito ne daga ƙarfe uku na yamma, amma kana iya zuwa tun da sassafe a ranar da kwananka ya fara, a yi maka rajista, ka bar akwatuna wurin masu ajiyar kaya, ka hau motar otal zuwa wurin wasa. Shigar minti talatin kafin sauran jama'a da ake ba baƙin otal ɗin Disney tana aiki tun ranar. Idan ɗaki ya fito, saƙo zai shigo wayarka. A Universal ma, wani kamfanin wuraren wasa a Orlando, ribar ta fi fitowa fili: otal uku nasu, Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, suna ba baƙinsu katin tsallake dogon layi a tsofaffin wuraren wasansu biyu, kuma katin yana aiki daga safiyar ranar da ka yi rajista har ƙarshen ranar da ka fita. Wanda ya biya daren da ya iso ƙarfe ɗaya ya sayi katin ranar da ta riga ta wuce. Sai dai a sani, katin bai haɗa da Epic Universe ba, sabon wurin da aka buɗe a Mayun 2025.

Amma kada a mayar da wannan doka. Akwai lokacin da wucewa kai tsaye ya fi. Idan otal ɗinka na masu sauƙin kuɗi ne, bambancinsa da na filin jirgi bai taka kara ya karya ba, to raba kwana biyu wahala ce kawai: a buɗe akwati da dare, a rufe da safe, a biya mota sau biyu, a tsaya gaban mai makulli sau biyu. Haka in ku manya ne biyu da jaka ɗaya ɗaya. Ƙaura da iyali mai mutum shida da akwati takwas da keken jariri aiki ne na rabin safiya, kuma dole a sa shi a ma'auni. In kun zaɓi raba kwanan, ku haɗa jaka guda tun daga gida da kayan barci, buroshi, magunguna, caja da kayan sawa na safe, don kada a taɓa manyan akwatuna ko kaɗan.

Kalmar "kusa da filin jirgi" kanta tana da tarko. Otal ɗaya ne a cikin ginin filin, Hyatt Regency, a babban ginin da ya haɗa sashen A da B. Ka ɗauki kayanka, ka hau lif, ka kwanta. Yana da tsada, amma ga mai jariri ko tsohuwa mai ciwon gwiwa, kuɗin ba asara ba ne. Sai dai tun da aka buɗe sashen C a Satumbar 2022, jirage da yawa masu zuwa daga ƙasashen waje can suke sauka, kuma daga can sai an hau ƙaramin jirgin ƙasa na cikin filin kafin a kai babban ginin. Sauran otal ɗin suna arewa da filin, a bakin titin Semoran da unguwar Lee Vista, kuma yawancinsu na da bas na kyauta.

A nan na yi nawa kuskuren. Na kama ɗaki a wani otal saboda na ga an rubuta suna da bas kyauta, ban tambayi ƙarfe nawa yake tashi daga aiki ba. Muka fito da mahaifiyata da 'yata wajen ɗaya saura, muka tsaya inda aka ce, iska mai ɗumi da laima tana bugunmu, bas na wasu otal na zuwa suna wucewa. Da na kira, sai aka ce direba ya tashi tun sha biyu. Hajiya ba ta ce komai ba, ta zauna a kan akwati tana jan carbi, amma na ga yadda ƙafafunta suka kumbura bayan kwana guda a hanya. Tun daga ranar, tambaya uku nake yi kafin in biya: bas ɗinku yana aiki har ƙarfe nawa, sai an kira yake zuwa ko zagaye yake yi, kuma yana zuwa sashen C?

A duba harufan filin jirgin ma. MCO shi ne babban filin Orlando. Akwai wani a Sanford, SFB, can arewa da birnin, kuma shi ma da sunan Orlando ake sayar da tikitinsa. Daga can zuwa Disney kusan awa guda ce.

Wasu har yanzu suna zuwa da labarin da wani ɗan'uwa ya ba su cewa Disney na aiko da bas kyauta filin jirgi. An yi haka shekaru, amma an daina tun farkon 2022. Yanzu sai bas na kuɗi irin na Mears Connect, wanda ake kama wuri tun kafin tafiya, kuma yana iya tsayawa a wasu otal kafin ya kai naka, ko Uber da Lyft da ake kira ta waya, ko tasi, ko motar haya da za ka tuƙa da kanka. Dokar Fulorida ta ce yaro ɗan shekara biyar zuwa ƙasa sai a kujerar yara ta mota, kuma yawancin direbobin Uber ba sa yawo da ita, wasu ma ba za su ɗauke ku ba in babu. Motar haya kuwa, ban ba kowa shawara ya karɓe ta a daren ba. Mutumin da ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba, a hanyar da bai sani ba, ga titunan 417 da 528 da ake biyan kuɗin wucewa, ga iyali a baya. Ya kwana, ya dawo filin da safe ya karɓa, ya ma rage kuɗin kwana ɗaya.

Sai maganar yawan mutane a ɗaki. Mu mun saba a shimfiɗa wa yara a ƙasa a wuce wurin. A can kowane ɗaki yana da iyakar mutanen da aka yarda su kwana a ciki, galibi huɗu, kuma ƙarfe ɗaya na dare ba lokacin roƙon alfarma ba ne. Ku rubuta ainihin yawanku lokacin kama ɗaki. Ku kuma sani farashin da ake nunawa da farko ba shi ne ƙarshe ba, akwai haraji da ya haura kashi goma sha biyu cikin ɗari, kuma otal zai riƙe wani kuɗi a katinka a matsayin jingina. In katin bankin gida kake amfani da shi, ka tabbatar yana aiki a waje kuma iyakar da banki ya sa masa za ta ɗauka. Adireshin wannan otal na daren farko shi za ka ba kamfanin jirgi da jami'in shige da fice, don haka ka ajiye shi a takarda, kada ka dogara da wayar da cajinta zai iya mutuwa.

Abinci: kada ku sa rai da samun abin halal a buɗe a wannan lokaci. Ku ci a filin da kuka canza jirgi, ku riƙo biskit, dabino da abin da yara ke ci. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su a gida, kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shiga, kuma duk abincin da ke jaka sai an faɗa musu. In kun shiga ɗaki za ku rama sallolin hanya, alƙibla a Fulorida tana arewa maso gabas ne, ba gabas ba kamar yadda muka saba.

Kuskuren ƙarshe shi ne wanda ke cinye duk abin da aka tattala: sa tikitin wurin wasa mafi nauyi a safiyar da ta biyo bayan saukar. Tikitin Disney da kwanan wata ake sayar da shi, kuma na mutum ɗaya a rana ya haura dala ɗari. Iyalin da suka kwanta ƙarfe biyu, suka tashi shida don su riga kowa shiga Magic Kingdom, ɗaya daga wuraren wasan Disney, kafin azahar yara sun fara kuka a layi cikin zafin rana, an koma ɗaki da rabin tikiti a hannu. Ku bar ranar farko ba tikiti. Ku karya kumallo a otal ɗin filin jirgi, ku fita wajen goma ko sha ɗaya, ku ajiye kaya a babban masaukinku, yara su yi wanka a wurin ninkaya, da yamma a zaga Disney Springs, unguwar shaguna da gidajen abinci ta Disney, inda shiga kyauta ne. Ku kwanta bayan isha'i. Washegari agogon gida da ke jikinku zai tashe ku tun kafin asuba ba tare da ƙararrawa ba, kuma za ku isa bakin ƙofar Magic Kingdom kafin a buɗe ta.