Yadda Ake Samun Lasisin Babur Ga Wanda Ya Fara Koyo Da Girmansa

Na sha tsayawa a gefen filin koyo ina kallon manya suna fama da babur, masu shekara 30, masu 45, har da masu furfura, kuma kusan dukansu a wuri ɗaya suke zubewa: wurin tafiya a hankali. Mutum zai miƙe hanya lafiya lau, ya sa giya ta uku yana murmushi, amma da an ce ya juyo da babur a ɗan ƙaramin wuri sai ƙafa ta dira ƙasa, ko injin ya mutu, ko shi da babur su kwanta tare. Ni ma haka ta faru da ni, shi ya sa a nan zan fi daɗewa. Maganar ina makulli yake, ina ake zuba mai, wannan ba sai na ɓata maka lokaci ba.

Fara da sanin wane lasisi kake nema

Kafin ka biya kowa ko sisi, nemi dokar ƙasar da kake daga hukumar da ke ba da lasisi, kada ka dogara da abin da aboki ya gaya maka. Lasisin mota a mafi yawan wurare ba ya ba ka damar hawan babur mai ƙarfi. A ƙasashe da yawa harafin A ne ajin babur, kuma wasu sun sake rarraba shi. A Tarayyar Turai akwai A1 na babur da bai wuce 125cc da kilowat 11 ba, akwai A2 da ya tsaya a kilowat 35, sannan A wanda ba shi da iyaka. Abin daɗin ga babba shi ne wanda ya kai shekara 24 yana iya neman A kai tsaye ba tare da ya bi matakan ƙasa ba. A Ingila sai ka fara da horon farko na dole, wanda takardarsa ke aiki shekara 2. A Amurka kuwa kowace jiha da nata tsarin, galibi ƙarin izini ne ake sa maka a kan lasisin da kake da shi, kuma jihohi da dama suna yafe maka gwajin tuƙi idan ka gama kwas ɗin da suka amince da shi.

Duk bambancin nan, ƙashin bayan abin ɗaya ne: takardar izinin koyo, gwajin ido, jarrabawar dokokin hanya, horo, sai gwajin tuƙi.

Tarko ɗaya da nake so ka kauce wa: a wurare da yawa, idan ka yi gwaji da babur mai canza giya da kansa, lasisinka zai tsaya a kan irinsa kaɗai. Ka koya da mai kuloci. Wanda ya iya shi zai hau kowane iri.

Jarrabawar dokokin hanya ba ta da wuya, raini ne ke kayar da mutane, musamman waɗanda suka daɗe suna tuƙa mota suna ganin sun san komai. Samo littafin dokokin hanya na hukumar, ka karanta shi sau biyu, ka fi mai da hankali a ɓangaren babur. Kuma ka duba wa'adin takardar cin jarrabawar, don tana ƙarewa. Na ga wanda ya yi ta jan ƙafa har tasa ta mutu, ya sake biya ya sake zama.

Kaya, da kuma wa zai koya maka

Hular kwano mai rufe fuska har haɓa, sabuwa, mai tambarin gwaji irin su ECE ko DOT. Ba na sayen ta hannu, kuma ban yarda kowa ya saya ba, domin hular da ta taɓa buguwa tana iya lalacewa ta ciki alhali waje sumul. Ta kama kanka sosai, idan ka girgiza kai tana rawa to ta yi maka yawa. Sai safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, da riga mai kauri. Idan kuɗi sun yi ƙaranci, rigar da wandon a saye su na hannu, babu laifi. Babur kuwa kada ka saya tukuna. Makarantu da yawa suna ba da nasu, kuma gara ka kayar da nasu da ya saba shan ƙasa.

Game da malami, na san za ka ce ƙaninka ya iya, zai nuna maka kyauta. Araha ba ta ado. Wani bincike da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda ya fito a 1981 bayan an bi diddigin haɗurran babur 900, ya gano cewa kashi 92 cikin 100 na mahayan da abin ya rutsa da su, ko dai da kansu suka koya ko wajen dangi da abokai. Ƙaninka zai koya maka yadda yake yi, har da kurakuransa, kuma kunyar girmanka za ta hana shi yi maka tsawa a inda ya kamata.

Kuloci: inda aikin yake

Ga abin da ke cutar da babba, musamman direban mota. A mota an koya maka ka saki kuloci ka ɗauke ƙafarka, kada ka riƙe shi rabi da rabi don zai ƙone. A babur akasin haka ake so. Yawancin babura kulocinsu a cikin man inji yake jiƙe, an yi shi ne ya jure a riƙe shi a tsakiya. Wannan ɗan wurin da ke tsakanin matsewa da saki, inda babur ke fara jan jiki gaba, shi ne gidanka a duk lokacin da kake tafiya a hankali.

Ranar farko kada ka damu da tafiya. Zauna a kan babur, giya ta ɗaya, ƙafafu biyu a ƙasa. Sassauta kuloci kaɗan kaɗan har ka ji ya fara ja, sai ka sake matsewa ya koma. Yi ta yi, gaba baya, kamar mai rarrashin jariri, har hannunka na hagu ya haddace wurin ba tare da ka duba ba. Abin zai gundure ka, ka ji kamar ana wasa da hankalinka. Ka daure. Minti 20 a nan sun fi awa 2 kana zagaya fili.

Daga nan sai haɗa abu uku a lokaci ɗaya. Totur ya tsaya cak a ɗan sama da yadda injin ke kaɗawa idan yana tsaye, kada ka riƙa murɗawa kana saki. Kuloci a wancan wurin da ka haddace. Ƙafar dama kuma tana ɗan taɓa birkin baya, taɓawa kawai, ba takawa ba. Injin yana ja, birki yana riƙewa, sai babur ya miƙe tsaf kamar an ɗaure shi da igiya gaba da baya. Da kuloci da birkin baya za ka riƙa ƙara gudu ko ragewa, totur ba ruwansa. Idan ka ji babur zai kwanta cikin kwana, ƙara sakin kuloci kaɗan, zai tashi da kansa. Hankalinka zai ce maka ka matse kuloci ka ja birkin gaba, kuma wannan shi ne ainihin abin da ke kayarwa. Birkin gaba alhali kan babur yana karkace, a ƙaramin gudu, faɗuwa ce kai tsaye. Yatsun dama su bar shi kwata-kwata a wannan darasin.

Sai ido. Babur inda ka kalla yake zuwa. An gaya mini wannan ya fi sau goma, na gyaɗa kai, ban ji ba sai da na faɗi gwajina na farko. An ce in juyo da babur tsakanin layuka biyu, in fuskanci inda na fito. Na shiga da kyau, a tsakiyar kwanar sai idona ya sauka kan farin layin da nake tsoron takawa. Ina kallonsa, tayar gaba tana bin idona, na tsorata na matse kuloci, ƙarfin ya yanke, ƙafata ta dira ƙasa. Shi ke nan. Na yi shekaru ina tuƙa mota ba ko ƙwarzane, ga ni na koma gida da hula a hannu saboda abin da bai kai daƙiƙa 5 ba. Da na koma wajen malamina, yaro ne da na girme shi nesa ba kusa ba, bai ce mini komai ba sai ya je ya tsaya a bayana, ya ce, “Yallaɓai, ni za ka kalla. Ka juyo da haɓarka gaba ɗaya, ba wutsiyar ido ba.” Kafin in fara karya kan babur sai in juya kai har haɓa ta kusa taɓa kafaɗa, in kafa masa ido. Babur ya zagayo kamar ba shi ba.

To ka yi wannan juyin har ya zama jiki, hagu da dama. Kowa yana da ɓangaren da ya fi ba shi wuya, kuma da yawa dama ce, domin hannun totur yana matsewa kusa da tanki. Wanda ka tsana shi za ka ninka. Gwiwoyi su kama tanki, kafaɗu da hannuwa su saki. Babban mutum yana ƙanƙame kan babur kamar za a ƙwace masa, ga tunanin iyali ga tunanin karaya, kuma hannu mai tauri ba ya juya babur. Idan kwanar ta matse sosai, bar babur ya karkata ciki kai kuma ka ɗan mai da nauyinka waje. Da ka iya wannan, zagaya robobin nan masu tsini da ake jerawa, da zana lamba 8, da bin mai tafiya a ƙasa, duk abu ɗaya ne aka sauya wa riga.

Kuma ka sa a ranka za ka kayar da babur ko sau ɗaya. A gaban yara ma. Ka tashi ka kaɗe jikinka, ka sa a nuna maka yadda ake ɗaga shi da ƙarfin ƙafafu kana ba shi baya, don kada ka tashi da ciwon ƙugu.

Birki da kwana a gudu

Abin da na hana ka a ƙaramin gudu, a nan shi ne sarki. Idan babur yana miƙe yana gudu, birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, wajen kashi 70 cikin 100 ko fiye, saboda nauyi yana komawa kan tayar gaba. Amma matsa shi ake yi, ba fizga ba: ka fara a hankali nauyi ya sauka gaba, sannan ka ƙara ƙarfi, birkin baya yana taimakawa. A gudun kilomita 50 a awa kana cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa, kuma idan ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata yana ninkuwa sau huɗu. A gwajin Ingila sai ka kai kilomita 50 ɗin kafin a karɓi tsayawar gaggawarka, kuma da yawa tsoro ke sa su shigo a hankali a ce su sake. Idan babur ɗin yana da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa, alhamdu lillahi, amma ka koyi hannun duk da haka.

Kwana a gudu kuwa, ka rage kafin ka shiga, ka kalli mafita, ka tura hannun ɓangaren da kake son zuwa gaba kaɗan. Tura dama, ka tafi dama. Da ji kamar an juya maganar, amma duk mai hawan keke yana yin haka bai sani ba. Gwada a fili sau biyu za ka yarda.

Ranar gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka yi gwajin da babur ɗin da ka koya da shi, ko irinsa sak, domin kowane kuloci da inda yake kamawa. Takardu a haɗa su tun dare. Ka isa da wuri, idan an yarda ka taka filin da ƙafa ka ga inda za ka sa ido a kowace kwana.

A kan titi abu biyu ne ke cinye makin mutane. Na farko waiwaye: madubi bai isa ba, kafin ka tashi, kafin ka sauya layi, kafin ka karya kwana, juya kai ta yadda mai gwajin zai gani daga bayanka. Na biyu sigina. Ta mota tana kashe kanta, ta yawancin babura ba ta yi, sai ka ga mutum ya yi tafiya mai nisa tana ƙifta wa duniya ƙarya. Ka saba wa babban yatsanka danna ta bayan kowace kwana. Kada kuma ka yi ta rarrafe kana ganin shi ne natsuwa, rashin kai gudun da hanya ta ba da dama shi ma laifi ne a wajensu. Idan injin ya mutu maka, riƙe birki, tayar da shi, waiwaya, ka ci gaba, sau da yawa ba shi ke kayarwa ba, ruɗewar da ke biyo baya ce.

Idan ka faɗi gwajin, tambayi dalilin, ka nemi wata ranar nan take tun hannunka bai huce ba. Ni na koma na ci a karo na biyu.

Da lasisi ya shiga hannu, sai rajista da inshora gwargwadon dokar inda kake, sannan babur na farko. Ra'ayina ba ya canzawa: ƙarami ko matsakaici, na hannu, wanda ƙafafunka ke kai ƙasa a kansa, ko da lasisinka ya ba ka damar hawan babba. Kada ka ɗauki kowa a baya sai ka yi watanni. A mahaɗar hanya ka sa ido kan motar da ke jiran ta gitta gabanka, ita ce binciken Hurt ya nuna ta fi cin mahaya, direban ya ce bai gan ka ba. Filin da ka koyi juyin nan kuma ka riƙa leƙa shi ko sau ɗaya a mako, minti 15, hagu da dama.